Muryar Tina Moevanu

Tun da aka binne Tina Moevanu a ƙofar gida, kusa da furen da ita da kanta ta dasa, Apaula ba ta daina jin muryarta ba.

Da a mafarki ne da da sauƙi, mutum ya farka ya yi addu'a ya juya ɗaya gefen. Wannan kuwa ido biyu take jin ta, yawanci da yamma lis, gab da a buga tsohuwar tukunyar gas da ke rataye a gindin mangwaro don kowa ya shiga gida ya yi addu'a. Lokacin ne ake sauri a madafa a sauke gwaza kafin gari ya yi tsit. Sai muryar ta ratsa tsakar gida, siririya, a bushe, kamar an ja wuƙa a bayan kwano:

"A gidanku haka ake yi?"

Apaula ta san wannan tambaya fiye da yadda ta san sunanta. Tina Moevanu uwar mijinta ce (Tina a harshenmu uwa ke nan), kuma tun ranar da aka kawo ta amarya tsohuwar ke jefa mata ita: a kan shara, a kan ninkin ganye, a kan yadda take fifita abinci in manya suna ci. A wajenmu macen da aure ya kawo gida wurinta bayan gida ne, cikin hayaƙi, sai kowa ya ƙoshi take ci. Teku ta cinye mijin Apaula tun ɗansu yana rarrafe, amma ba ta koma gidansu ba. Ta zauna ta yi wa tsohuwar bauta har ta makance, har ciwo ya kwantar da ita ya ɗauke mata harshe. Ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki. Ko sau ɗaya ba a ji ta mayar da magana ba. Duk ƙauyen sun shaida, in ana yi wa amarya faɗa sai a ce, "Je ki ki ga Apaula."

Yanzu ga shi an rufe tsohuwar da siminti, amma bakin bai rufu ba. Kowa yakan lulluɓe madubi in rana ta faɗi, don kada wani abu ya leƙo ta ciki. Apaula ta lulluɓe nata ba ta ƙara buɗewa ba.

Ana cikin haka ɗanta Fetuao ya dawo daga gona, ya ajiye adda, ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Tina, Vaiula ta ce za ta tafi gidansu."

Vaiula matarsa ce, 'yar tsibirin Savai'i, doguwa, mai shiru. An kawo ta ne a ƙarshen jinyar tsohuwa.

"Ganin gida?"

"Ba ta ce za ta dawo ba. Ta ce ba za ta tafi ana shirin jibin Ubangiji ba, sai an gama. Litinin, motar safe."

Apaula ta dube shi. Ta saba da motsin yarinyar nan a bayan gida, da 'yar waƙar da take yi ƙasa-ƙasa in tana kankare kwakwa. "Me ka yi mata?"

"Ni?" Fetuao ya ɗago ya dube ta, sai kuma ya mayar da ido kan yatsun ƙafarsa. "Ki tambaye ta, Tina."

Ta tambaye ta. Vaiula ta ce, "Ba komai, Tina," ta ci gaba da hura wuta.

Satin nan kuwa satin binciken kai ne, don ranar Lahadi za a ci jibin Ubangiji a coci, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da Yesu. Fasto ya faɗa a sujada cewa farar riga ba ta isa ba, kowa ya ɗauki fitila ya shiga ɗakin zuciyarsa ya leƙa lungu-lungu kafin ya miƙa hannu ga gurasa da ƙoƙo, wanda kuma yake da magana da ɗan'uwansa ya je ya gyara tukuna. A bakin ƙofa matar fasto ta riƙe hannun Apaula ta raɗa mata cewa dattawa sun ambaci sunanta, ana so a sa ta cikin dikononi, masu hidimar coci da raba gurasa da ƙoƙo. "Wa ya fi ki cancanta?" in ji ta.

Apaula ba ta wasa da binciken kai. Kowace rana, in zafi ya kori mutane ƙarƙashin inuwa, sai ta shiga coci ita kaɗai ta zauna a bencin baya, iskar teku na kaɗa labulen bagade. Ta bi zuciyarta a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta tarar ta yi sha'awar hular wata mata ranar Lahadi. Ta tarar ta yi gyangyaɗi a addu'ar asuba. Ta roƙi gafara a kan waɗannan har da hawaye. Sannan ta kawo Vaiula gabanta ta juya ta ta kowane gefe. Ba ta taɓa dukanta ba. Ba ta hana ta abinci ba. Ta ɗinka mata riguna, ta ba ta nata matashin kai. Lungun nan a share yake fes, har ta ji wani ɗan sanyi a ƙirji da ta ga haka.

To in ba ita ba ce, ba Fetuao ba ne, saura wa? Ashe yarinyar ma tana jin muryar. Tsohuwa ce ke korar ta daga cikin kabari.

Washegari ta ɗauki bokiti da buroshi ta durƙusa a kan simintin tana gogewa, tana magana ƙasa-ƙasa, yadda mutanenmu kan yi da nasu da ke kwance a ƙofar gida. "Tina, na yi miki duk abin da zan iya. Ki kwanta. Ki bar mini yarinyar nan."

"Sannu da aiki, uwar tsarki!"

Tausala ce, maƙwabciyarta, ƙawarta tun suna amare, ta jingina da shinge tana cin ayaba. "In kika ƙara goge wurin nan, tsohuwar za ta leƙo ta ce kin bar gefen hagu."

"Tausala, ba a wasa da wannan."

"Ni da na sha zaginta ta kan shingen nan? Ai ina da gado a ciki. Mai ƙafar agwagwa take ce mini, har ranar bikin 'yata. Yanzu dai da za a naɗa ki dikon, ki tuna da mu talakawan zunubi, ki riƙa cika mini ƙoƙo."

Apaula ba ta yi dariya ba. "Ba ta kwanta ba. Ina jin ta."

Tausala ta daina tauna. "Me take cewa?"

"Abin da ta saba."

"Da wane lokaci?"

"In ana aiki a madafa."

Tausala ta dubi bayan gida, inda Vaiula ke zaune a kan abin kankare kwakwa, kanta a sunkuye.

"'Yar'uwa," in ji ta daga baya, "ba ni da ƙarfin halin da zan faɗa miki. Amma ran da kika sake jin ta, kada ki waiwayi kabarin. Ki dubi yarinyar."

Ranar Asabar aka shiga haɗa abincin Lahadi. Duwatsun murhu sun yi ja, hayaƙi ya cika madafa. Vaiula na zuba madarar kwakwa cikin ganyen gwaza tana ƙullewa, Apaula na jera ayaba. Sai ƙulli ɗaya ya fashe, madarar ta tsiyaye a kan dutse ta yi cuu.

"A gidanku haka ake yi?"

Ga ta nan, kusa, kamar a kafaɗarta. Wuyan Apaula ya fara juyawa wajen ƙofar gida, sai ta tuna, ta tsayar da shi da ƙyar. Ta dubi Vaiula.

Vaiula ba kabari take kallo ba. Bakin Apaula take kallo.

Sai a lokacin Apaula ta ji maƙogwaronta yana ɗan rawa, irin rawar da yake yi in magana ta fita yanzun nan. Ta dubi hannunta. Yatsa ɗaya a miƙe, sauran a lanƙwashe, wuyan hannun a karye gefe. Ta san hannun nan, na tsohuwa ne. Ta wanke shi, ta shafa masa mai, ta naɗe shi a kan ƙirji ranar da aka rufe akwati.

"Kin ji ta?" in ji Apaula.

"Wa?"

"Tsohuwa."

Vaiula ta share hannu a zane. "Tina, ni ban san muryar tsohuwa ba. Na zo gidan nan ta riga ta daina magana. Tun da na zo, ke kaɗai ke yi mini wannan tambaya."

Apaula ta zauna a kan buhun kwakwa. Ashe tun ran da harshen tsohuwar ya mutu maganar ta yi ƙaura, hidimar jinya ce ta toshe mata kunne. Abin da ta haɗiye shekara da shekaru, mutane suna yaba mata, bai narke ba. Yana nan ajiye, yana jiran a kawo wata amarya. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Ita ta tsaya a kan nata da fitila a hannu tana haska hular mutane.

"Vaiula, 'yata, ki yi haƙuri. Allah ya sani ban sani ba." Hawaye suka zubo mata. "Ban sani ba ko kaɗan. Amma ke ma da kin ninka ganyen biyu kamar yadda na sha nuna..."

Ta toshe bakinta da hannu biyu.

Vaiula ta yi wani ɗan murmushi da ya fi kuka ciwo. "To, Tina," in ji ta, ta ɗauki wani ganyen.

Apaula ta wuni tana tsoron bakinta kamar an ajiye mata maciji a ɗaki. Gobe jibin Ubangiji, Litinin kuma yarinyar za ta hau mota. Dole ta nemi gafara, amma da me, tunda ko ban haƙuri ya biyo ta wannan hanya sai ya fito da ƙaya? Sai ta tuna akwai neman gafara da ba a buɗe baki a cikinsa. In laifi ya yi girma tsakanin gidaje, mai laifi yakan je da sassafe ya zauna a ƙasa a gaban gidan da ya ɓata wa, a lulluɓe shi da tabarmar daraja, ya yi shiru, rana ko ruwa. Ba ya motsi sai waɗanda aka yi wa laifi sun zo da hannunsu sun yaye tabarmar. Yayewar ita ce yafewa.

Da gari ya waye ta sa farar rigarta ta Lahadi. Ta buɗe akwati ta fito da tabarmar da uwarta ta saƙa mata ta kawo gidan aure, mai laushi kamar zane, da jan gashin tsuntsu a baki. Ta zagaya bayan gida, ta zauna a kan tsakuwa daidai ƙofar madafa, ta ja tabarmar ta rufe kanta.

Ciki duhu-duhu ne, haske na shigowa ta ƙananan idanun saƙa. Tana jin warin akwati da numfashinta. Ta ji Vaiula ta fito da tukunya, ta tsaya cik, ta koma ciki da baya.

Gidajenmu ba su da bango, ba a ɓoye komai. Kafin ƙararrawar farko masu tafiya coci sun fara ratsowa ta bayan gida. Ta cikin saƙar tana ganin fararen riguna suna taruwa kamar balbelu.

"Wayyo ni, Apaula, wa kika kashe?" Muryar Tausala ce. "Na ce ki dubi yarinya, ban ce ki tara mana gari ba!"

Wani dattijo ya buga sanda a ƙasa. "Wannan ba al'ada ba ce. Yaushe uwa ta taɓa sunkuya wa matar ɗanta? A bayan gida kuma, wajen aladu?"

"Tina, don Allah ki tashi." Fetuao ne, ya durƙusa kusa da ita.

Rana ta ɗago. Gumi ya bi bayanta, tsakuwa ta shiga cin idon sawunta. Sai maganganun suka canza hanya.

"Allah sarki, baiwar Allah. Ta yi wa waccan bauta, yanzu ga ta a ƙasa gaban wannan."

"Ina yarinyar take ne? Ta fito ta yaye mana!"

"Wace irin zuciya ce da ita, ta bar babbar mace a rana? Haka suke a Savai'in?"

Da ta ji "baiwar Allah", wani abu ya motsa a ƙirjin Apaula, ɗan sanyin nan mai daɗi da ta ji a bencin coci. Wannan karon ta kama shi da hannu kafin ya ɓuya, ta dube shi sosai, sai ta ga ashe son yabo ne. Har nan ya biyo ta. Har cikin tuba. Tambayar tsohuwa kuma ga ta ta fita daga bakin mutum ɗaya ta shiga bakin gari, kuma ita ce ta raba musu.

Gefen tabarmar ya ɗan ɗaga. Ba a yaye ba. Wani ne ya rarrafo ya shigo ciki ya saki bakin ya koma.

"Matsa, Tina."

Suka zauna gwiwa da gwiwa cikin zafin, Vaiula na warin hayaƙi. Waje ya yi tsit, don ba wanda ya taɓa ganin haka.

"Kin ji abin da suke cewa?" Vaiula ta yi maganar a raɗe, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "In na yaye, na yafe ke nan a gaban kowa, gobe ba ni da bakin tafiya. In na ƙi, ni ce mai zuciyar dutse har in mutu. Ko a ƙarƙashin tabarma ma, Tina, ke ce a sama."

Amsa ta taso wa Apaula nan take, a shirye, da kaifinta: ni da na zubar da girmana saboda ke. Ta ji ta a bayan haƙoranta. Ta danne ta da harshe har idanunta suka kawo ruwa, tana kiran sunan Yesu a zuci kamar mai nutsewa.

"Gaskiya ne," ta ce.

Vaiula ta dube ta. "Ban zaci za ki ce haka ba."

"Ni ma. Fita ki koma madafa. Kada ki taɓa tabarmar."

"Kin san abin da za a ce in ke kika..."

"Na sani. Je ki."

Da yarinyar ta fita, Apaula ta sa hannu biyu ta ture tabarmar daga kanta. Mata suka yi salati irin namu, wata ta kama baki. Wanda ya yaye wa kansa ya tashi da laifinsa a ka, ga kunya a kai. Ta miƙe da ƙyar, rigarta ta manne da jiki, tsakuwa ta bar tabo a ƙafafunta.

"Ba ita ta ƙi ba," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ni na zalunce ta da bakina tun da ta zo, yau kuma na so in ɗaure ta da ku. Wanda ya ƙara faɗin wata magana a kanta, ni ya ƙara wa nauyi. Ku tafi, za ku makara."

Matar fasto ta dube ta, ta dubi ƙasa, ta juya. Tausala ce ta tsaya ta naɗe tabarmar tana jan hanci. "Shegen taurin kai," in ji ta. "Da kin faɗa mini ai da na kawo miki matashi."

A coci, da faranti ya iso layinta da ƙananan ƙoƙuna, Apaula ta naɗe hannuwanta a cinya ya wuce. Ba wanda ya hana ta. Ta ji idanun mutane a ƙeyarta, ta bar su. Maganar dikon kuwa ba a sake tayar da ita ba a bakin ƙofa.

Litinin da safe ita ta ɗauki akwatin Vaiula a ka har bakin hanya, Fetuao na biye da kwandon gwaza da kifi na tsaraba. Suna jiran mota Vaiula ta sunkuya tana ɗaure bakin kwandon. Ɗaurin bai yi ba, kowa zai ga kafin a kai jirgin ruwa zai kwance. Abin ya taso wa Apaula, ya tokare ta a wuya kamar ƙayar kifi. Bai mutu ba. Ta gane ba zai mutu yau ko gobe ba, wataƙila sai an yi ta kokawa da shi har ranar da za a zuba mata nata simintin. Ta rufe ido, ta haɗiye.

Da ta buɗe, Vaiula na kallon maƙogwaronta.

Motar fasinja mai jikin katako ta iso da kiɗanta. Aka loda kaya. Vaiula ta sa ƙafa ɗaya a mataki, ta tsaya.

"Tina, na dasa gwaza a bayan madafa, ba ta yi ƙwari ba. Kada a bari aladun Tausala su tone ta."

"Za ki zo ki gani?"

"Ban sani ba tukuna."

Apaula ta gyaɗa kai. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, duk da akwai su da yawa. Suka tsaya ita da ɗanta har motar ta sha kwana a bayan itatuwan kwakwa, kiɗan ya yi nisa ya ɓace.

"Ara mini addarka," ta ce da Fetuao. "Akwai shingen da zan yi."